Kalmar da Na Ɓoye Yunwata a Ciki

Ban cika son ba da labarin tafiyata Ingila ba, domin duk inda na fara sai a tambaye ni ƙanƙara da jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa abin da na fi tunawa shi ne cikina. Zamanin jihar Gongola ne. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Mubi, ina zaune a unguwar Yelwa, aka zaɓe ni kwas na shekara ɗaya a wata kwalejin horar da malamai a arewacin Ingila. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ina da ɗan littafi da nake tara manyan kalmomin Turanci a ciki, in shiga aji in sake wa yara guda ɗaya, in tsaya ina kallon yadda suke zare ido. Abokin aikina Malam Vandi, mutumin Michika, shi ya laƙaba mini suna Malam Ƙamus.

"Kai Buba," in ji shi, "ranar da ka je ƙasar su, Bature ma zai nemi tafinta."

Zango na farko da ya koya mini hankali shi ne tashar jirgin ƙasa a Landan. Ina tsaye da akwati da wata jakar fata, ina ta waige-waige ina neman inda ake yankar tikiti, sai na ji an ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa." Da Hausa. Na waiwaya da murna. Wani dogo ne cikin kwat mai kyau, ya ce sunansa Sule. Da na ce daga Mubi nake sai ya riƙe hannuna biyu, ya ce ai ya taɓa sayen shanu a kasuwarmu, har ya tambaye ni ko mayo, wato kogin garinmu, ya kawo ruwa bana. Ya nuna mini layi, ya ce in tafi hannu sake, shi zai tsaya mini a kan kaya. Na je, na yanki tikiti, na dawo. Akwatin yana nan, ina jin ya yi masa nauyi. Jakar ce ta bi Sule.

A cikinta akwai kilishi da dakuwa da garin kunu da Goggo Adda ta kwana biyu tana haɗa mini, akwai kuma ambulan ɗin guzurina, ban da ɗan abin da na cire don tikiti. Alawus ɗinmu kuwa sai ƙarshen zangon karatu. Na zaga tashar nan har ƙafata ta gaji, ina leƙa fuskar kowane baƙar fata, kafin na haƙura na shiga jirgi. Ban gaya wa kowa ba. Malam Ƙamus guda, a ce ranar farko an yi masa wayon yara?

Zango na biyu wani gari ne na tsofaffin masaƙu, gidaje jere kamar haƙoran mataji, duk bulo ɗaya, duk hayaƙi ya dafa su. Kwaleji ta sama mini ɗaki a gidan wata bazawara, Misis Holt, 'yar gajeruwa mai saurin magana da saurin tafiya. Tana zaune da yayanta, tsoho Mista Edwin, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, kullum yana bayan jarida. Ta nuna mini ɗakina da makewayi da inda ake kunna hita. Muna saukowa daga bene sai ta tsaya ta ce:

"Mista Buba, muna cin abincin yamma ƙarfe shida. Yana cikin abin da aka biya maka. Za ka riƙa ci tare da mu?"

Rabona da abinci tun cikin jirgin sama. Daga kicin wani ƙamshin albasa da nama yana fitowa har yana sa ni jiri. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, na gode, kada ki wahalar da kanki."

Ta dube ni kaɗan, ta ce, "To." Ta wuce kicin.

Na tsaya a gindin benen ina jira ta dawo.

Sai na yi bayani a nan, don wanda bai tashi inda na tashi ba zai ce hauka ne. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ƙanwar babana Goggo Adda ce ta rene ni, Bafulatana ta gaske. A wajenta mutum ya buɗe baki ya ce yana jin yunwa daidai yake da ya tuɓe a kasuwa. In ka je gidan mutane aka ce ga abinci, sai ka ce ka ƙoshi. Su ce haba. Ka ce wallahi yanzu ka tashi daga kan kwano. Su ce ko loma ɗaya ce, kada ka raina su. Sai a karo na uku ko na huɗu ka miƙa hannu, kamar kai ne kake musu alfarma. Kowa ya san karatun, mai gida ya san nasa baƙi, baƙo ya san nasa. Na taɓa karɓar ƙosai a hannun maƙwabciya tun a tayin farko, ina ɗan shekara bakwai, Goggo ta murɗe mini kunne har gida tana cewa na zubar mata da pulaku, wato kunyar Fulani, a titi. Ni dai na yi nawa karatun daidai a gindin benen nan. Misis Holt ce ba ta ja nata ba.

Da safe na tarar da shayi da gasasshen biredi yanka biyu an ajiye a wurina. Wannan ba a tambaye ni ba, don haka na ci. Ta leƙo ta ce ko a soya mini ƙwai. Bakina ya riga ni, ya ce a'a, na gode. Ta ce to. Daga ranar ba ta ƙara tambayata komai game da abinci ba.

Haka na shiga mako na farko, da na biyu. Canjin da ya rage a aljihuna na lallaɓa shi da biredi har ya ƙare. A ɗakin shan shayi na kwaleji ina zuba sukari cokali biyar, in juya baya kada a gani. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarfe shida. Da zarar na ji ƙarar tukwane sai zama ya gagare ni. In tashi, in zauna, in buɗe littafi, in rufe, in je taga, in dawo. Ƙamshin yana bi ta ƙarƙashin ƙofa ya same ni har kan gado. Sai na ɗauki ɗabi'ar fita kafin shida. In sa kwat in bi titi, in gangara bakin wata doguwar magudanar ruwa da jiragen dako suke bi a da, in haye gada, in zago ta kasuwa, in sake hayewa. Babu inda za ni. Ina tafiya ina tsara yadda zan ce mata na canza shawara, in gyara jimlar, in sake gyarawa, har ta yi kyau kamar wasiƙar neman aiki. Ina isowa ƙofar gida sai in ji kunnena na dama yana zafi, in haye sama shiru.

Kewar gida kuwa duk ta koma abinci. Ba fuskar mutane nake gani ba, kwanonsu nake gani. Tuwon dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa a gidan Vandi ranar Kirsimeti. Kindirmon da matan Betso ke kawowa da sassafe. Masarar da ake gasawa a bakin hanyar Bahuli lokacin kaka. Wasiƙar Vandi ta iso a mako na huɗu, da irin Hausarsa: "Mata na ya ce in tambaye ka ko ka yi ƙiba. Yara na aji uku suna jira ka kawo musu sabon Turanci. Kada ka dawo mana hannu banza, Malam Ƙamus." Na amsa masa cewa lafiya lau, abinci har sai na ture.

Akwai wata mai sayar da tuffa a kasuwa da ta lura ina yawan wucewa ta gaban rumfarta lokacin tashi. Wata rana ta miƙo mini ƙunshin waɗanda suka ɗan bubbuge, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "In ka bi ta bakin ruwa ka zuba wa tsuntsaye." Ban san sunanta ba har yau, amma ina sa ta a addu'a. Tsuntsaye dai ba su ga ko ɓawo ba.

Zango na uku laburaren gari ne, don akwai ɗumi kuma ba a korar kowa. Can na tarar da wani ƙamus mai juzu'i da yawa, kowane ɗaya sai an sa hannu biyu. Da a Mubi ne da na yi rawa. Na zauna da niyyar cika ɗan littafina, amma duk inda na buɗe sai in ga hannuna ya kai ni wajen kalmomin ci da rashin ci. A nan na gamu da ita: esurient. Ban taɓa ganinta ba. Fassarar farko da aka ba ta ita ce mai jin yunwa. Ban ko ƙarasa karanta sauran ba, na kwafe ta, na yi ta juya ta a baki har gida. Wani tunani ya zo mini wanda a lokacin na ɗauka basira ce. Ga kalmar da zan faɗi gaskiya da ita ba tare da na ji kunya ba, tunda ba kalmar da Goggo ta hana ni ba ce. In sun gane, su suka gane. Ni ban roƙa ba.

Kowace safiya Mista Edwin yakan ce daga bayan jarida, "Yaya muke yau, Mista Buba?" Ran nan na gyara murya na ce, "Esurient."

Misis Holt tana zuba shayi ta ce, "Madalla," ta koma kicin. Ina jin ta zaci gaisuwar garinmu ce.

Jaridar kuwa ta sauko a hankali. Karo na farko na ga fuskar tsohon gaba ɗaya, tana ta walƙiya kamar an ba yaro alewa. Ashe Latin ya koyar shekara da shekaru.

"Rabona da jin wannan a bakin mai rai, na manta," in ji shi. "Ka san daga ina ta fito?"

Na ce ban sani ba.

"Daga Romawa. Suna da edere, wato ci. In kuwa mutum bai ci ba tukuna amma ransa yana kan abincin, sai su ce esurire, son ci. Malamanmu suka aro ta wajen shekara ɗari uku da suka wuce. In sunan abin kake so sai ka ce esurience. Amma ba ta taɓa shiga kasuwa ko kicin ba, a littafi ta tsaya. Marubuta ke ɗauko ta, galibi don zolaya, ko don su caccaki mai haɗama, irin wanda cikinsa ya cika amma idonsa bai cika ba. Har mai kwaɗayin mulki ana ce masa haka." Ya yi dariya. "Ka iya barkwanci, saurayi."

Na taya shi dariya. Na je neman mayafi na ɗauko rigar mai haɗama. Ya koma bayan jaridarsa yana ta murmushi, ni kuma na tsince ɓurɓushin biredi da yatsa lokacin da ba ya kallo.

Duk da haka washegari na sake faɗa, da jibi. Ba ni da wata dabarar. A rana ta uku bai yi dariya ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi wuyan rigata da ya yi mini yawa.

A mako na bakwai aka fara tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta. Wannan shi ne ginshiƙin kwas ɗin, wanda ya faɗi a nan babu takarda. Ina tsaye gaban allo, malamar da ke duba ni tana zaune a baya da biro, sai na ga rubutuna yana iyo. Allin ya suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, ƙasa ta taso ta tarye ni. Na farfaɗo a kan kujera, yara sun yi cirko-cirko. Malamar ta ce za a sake ba ni dama ranar Litinin, amma in jikina ba zai ɗauki sanyin ƙasar ba, gara a duba batun mayar da ni gida tun da wuri. Ta tambaye ni ko ina cin abinci sosai. Na ce sosai.

Ban koma gidan Misis Holt ba. Na gangara bakin ruwa na yi ta kai da kawowa, ina ganin kaina na sauka a tashar motar Mubi da akwati, Vandi yana tambayata ina takardar. Da ƙafata ta ƙi, na zauna a benci. Wajen ƙarfe huɗu sai ga Mista Edwin da sandarsa, yana tafe yana hutawa. Ya zauna a ɗaya gefen bencin.

"Na manta ban gaya maka abu ɗaya game da kalmar nan taka ba," in ji shi. "Duk karatuna ban taɓa ganin inda mai yunwar gaske ya yi amfani da ita ba. Ta ƙosassu ce. Shi ya sa na ɗauka wasa kake. Yaushe rabonka da abinci mai zafi?"

Na buɗe baki in ce jiya. Sai na ji hawaye ya riga ni. Na gaya masa komai, da Sule, da jakar, da Goggo Adda, da yadda ake tayi sau uku a garinmu. Ya saurara har na gama, yana jujjuya sandar.

"Wato da ka ce a'a, jira kake a sake tambaya."

Na ce e.

"Mu kuma a nan, in mutum ya ce a'a ka sake matsa masa, ka mayar da shi yaro wanda bai san ransa ba. Ƙanwata girmama ka ta yi."

Na ce to ko zai taimaka ya yi mata bayani. A raina na riga na ji sauƙi, don a wajenmu haka ake yi, babba ya shiga tsakani, kowa ya tsira da mutuncinsa.

"Ba zan yi ba," in ji shi. "Ita ta tambaye ka, ita za ka ba amsa. Kuma kada ka je mata da Latin."

Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce a raina wannan tsoho ba shi da tausayi. Muka tako gida tare, yana jan ƙafa, ni ina ji kamar ana kai ni gaban alƙali. A bakin ƙofa ya ce shi zai ɗan zaga ya sayo taba, ya bar ni.

Ƙofar kicin a buɗe take. Misis Holt tana fere dankali, ta ba ni baya. Na tsaya a bakin ƙofar har sai da ta ji motsina ta waiwayo. Duk jimlolin da na tsara a bakin ruwa suka gudu. Abin da ya rage shi ne irin Turancin da nake koya wa 'yan aji ɗaya a makon farko.

"Madam, ina jin yunwa."

Ban mutu ba. Na dai ji kamar an zare mini riga, kuma na kasa ɗaga ido daga kan tayil.

"Ba a wajen mutanenku kake ci ba?" in ji ta. "Kullum kana fita kafin shida."

"Ba ni da kowa a garin nan. Yawo nake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na zo."

Ta ajiye wuƙar. Ta ja kujera, na zaci ni za ta ba, sai na ga ta taka ta hau, ta miƙa hannu can saman kabad ta sauko da wata tukunya. Sabuwa ful, takardar kanti tana manne a murfinta. Ta dire ta a kan tebur tsakanina da ita.

"Da kwaleji suka rubuto cewa Musulmi ne zai zo, na tambayi wata maƙwabciya abin da ya kamata. Ta ce ba kwa cin abin da aka dafa a tukunyar da alade ya taɓa. Na sayo wannan, da cokali, da faranti. Na shiga bas har unguwar 'yan Pakistan na sayo naman da aka yanka irin naku. Ranar da ka zo a tsohuwar tukunya na dafa namu, naka yana ajiye, ina jira ka ce e in ɗora." Ta dafa murfin tukunyar. "Da ka ƙi, ka ƙi ƙwai ma, na ga biredin kanti kawai kake ci, sai na ce to, ba tukunya ba ce. Hannuna ne kake ƙyama."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba irin wadda Goggo ta koya mini ba ce. Mako bakwai ina tsaron mutuncina, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da matar nan take gani ba in na wuce ta gaban kicin ɗinta na fice. Na ce ta yafe mini. Na fara yi mata bayanin garinmu, ta ɗaga hannu.

"Zauna. Ka yi mini bayanin in ka ci."

Babu naman a gida ranar, don haka ta ɗauraye tukunyar ta zuba dankali da albasa da karas da man shanu, ta fasa ƙwai uku a gefe. Ba a jima ba ya dahu. Ta juye a sabon farantin, ta ajiye a gabana, ta sa cokali. Na ɗauki cokalin, na kasa kai shi baki tana kallona. Ta ga haka, sai ta ɗauki murfin tukunyar ta koma wajen famfo, ta juya mini baya tana kankare takardar da farce, ni kuma na ci.